Inna Ummukulsum Buɗe-Labule

A unguwarmu, can bayan Gude, idan mace ta haihu abu biyu ne ba makawa sai sun same ta: ruwan zafin wanka da Inna Ummukulsum. Ruwan zafin ma ya fi ta sauƙin kai, don shi ana sirka shi. Ni maƙwabciyarta ce, 'ya'yana biyar duk a hannunta suka faɗo, saboda haka na san halinta ciki da bai.

Ungozoma ce, gajeriya, mai saurin tafiya. Ranar kwana uku da haihuwa sai a ji sallamarta, kafin a amsa ta yaye labule, ta ɗauko jariri ta fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta danna masa hanci da yatsa, ta buɗe idonsa ta leƙa. Tsofaffi su yi ta mita, wai ba a fito da jinjiri kafin suna. Ita ko a jikinta. Da haka ta sami sunan Buɗe-Labule.

Abin yana da tushe. Tana da ƙuruciya ta haifi ɗanta na uku, kwana huɗu idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Mijinta Malam Tasi'u yana aikin gini a Gwarzo, lokacin kuwa babu waya. Ta aiki Baƙo mai sayar da kaji, ta ce, "Ka ce masa ya dawo yau, akwai shawara." Baƙo ya isar da saƙo yadda aka ba shi. Malam Tasi'u ya ɗauka zancen shirin suna ne, ya ce ai shawara ba ta tsami, yana nan tafe ranar jajibere. Ya iso da ragonsa a igiya, ya tarar da yaro ya sandare yana banƙarewa. Kafin su kai bakin titi rai ya yi halinsa. Ita ciwo take nufi, shi ya ji zaman tattaunawa, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don babu wanda za ka kama da laifi.

Tun daga ranar ba ta ƙara kiran ciwon da sunansa ba, sai dai ta ce ido ya yi ɗorawa. Da aka tara ungozomai a Kabo aka koya musu yadda ake gane shi da wuri, ta riƙe karatun gam. Dole ta riƙe, don ɗakin shan maganinmu ma'aikaci ɗaya gare shi, kwana biyu yake zuwa a mako. Sauran kwanakin awaki ne ke hutawa a barandar.

A daminar bara Fiddausi, matar Ja'afaru mai shanu, ta haifi ɗan fari. Gidansu gidan kunya ne: uwa ba ta ƙura wa ɗan fari ido a gaban mutane, uba kuwa ya tattara ya bi shanu daji. Yaro na kwance a ɗaki mai duhu, kowa na yabonsa wai ba shi da rigima, barci kawai yake yi. Ina tsaye a wurin Inna ta fito da shi haske. Ta danna hanci, ta duba ƙirji, ta duba tafin ƙafa.

"Hajiya," ta ce wa Zubaidatu, kakar yaron, "ɗorawa ta sauko har ƙafa. Asibiti za mu, yanzu."

"Haba Ummukulsum, ga jiƙo an haɗa masa. A bari a yi suna mana."

Aka kirawo Ja'afaru da yayyensa, suka tsaya a zaure suna sunkuyar da kai. Babbansu ya yi gyaran murya ya ce, "To Inna, bari mu je mu yi shawara."

Wallahi ban taɓa jin muryar Inna haka ba. "Shawara ɗaya ta ishi gidan nan, ga ta nan a idon ɗanku! Ja'afaru, ajiye kunyar nan ka tayar da babur. In ka dawo ka ɗauki abarka."

Ja'afaru ya tayar da babur. Inna ta goya yaron da kanta, Fiddausi ta hau wani babur a bayansu. Rafi ya kawo, mashin ba ya wucewa. Tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya ta tattare zane, ta ɗaga jariri bisa kai kamar ƙwaryar nono, ta ratsa ruwa har ƙugu, Ja'afaru na riƙe da gwiwar hannunta. A can tsallake suka sami mota.

A asibiti aka tuɓe shi, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila kwana biyar. A barandar asibitin aka raɗa masa suna Mahbub, da dabino a leda. Ma'aikaciyar jinya ta ce sun zo a kan gaɓa, rai ya tsira, sai dai ciwon yakan taɓa kunne, wannan kuma sai nan gaba za a gane.

Wannan maganar ta hana Inna sukuni. Fiddausi ma ta rame, ga kunya ta hana ta tambayar kowa. Ranar da suka yi arba'in muna tsakar gida, yaro na barci a kan tabarma, Inna ta lallaɓa ta ɗauko babban farantin ƙarfe daga madafa. Ta tsaya a bayansa, ta yi bisimilla, ta sake shi a kan daɓe.

Mahbub ya zabura, ya watsa hannuwa, ya tsala ihun da har kaji suka watse. Inna ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin kuncinta. Fiddausi kuwa, a gaban surukarta da mu duka, ta suri ɗanta na fari ta rungume, tana kiran sunansa da ƙarfi tana cewa, "Ya ji, Inna, wallahi ya ji!"