Makaɗa Goma Sha Biyu a Bayan Katanga

Shekara goma sha bakwai ina tuƙa mota a gidan wani Alhaji a Nassarawa, kuma babu wajen kiɗa a Kano da ban san ƙofarsa ba. Alhaji kansa ba ya zuwa, da ya yi sallar isha'i yake shigewa. Amma yana da baƙi 'yan kasuwa daga Legas da Fatakwal, kuma duk wanda ya ce yana so ya sha iska, ni ake miƙa wa makulli. In kai su, su shige, ni kuma in gyara tsayuwar mota in jira.

Mu direbobi muna da namu ma'aunin, kuma ba sunan da ke jikin allo muke kiran wuri da shi ba. Akwai wani gidan rawa a Sabon Gari da muke ce wa Mai Girgiza, don in aka saki kiɗa har madubin mota rawa yake yi. Akwai wani a hanyar Badawa, Mai Sauro: kiɗansa da daɗi, sai dai duk tafin da za ka yi a jikinka za ka yi shi. Wanda ya fi su duka kuwa lambun wani otal ne a nan Nassarawa, muna ce masa Gindin Mangwaro. A wajen ajiye motocinsa akwai benci, akwai mai tsire, ga doguwar katanga da kiɗa ke tsallakowa ya sauko mana a hankali. A kan bencin nan nake yin aikin gida na ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata, biro a hannu, ƙafa tana bin ganga.

Da kunne muka ƙirga makaɗan wurin. Mun yi musu na watanni kafin muka tsaya a kan goma sha biyu: masu busa ƙaho uku, masu jita biyu, mai ganga, mai kalangu, mai sarewa, da sauransu har mawaƙiya. Babu wanda ya taɓa leƙawa a cikinmu. Direba ba ya barin mota.

Matsalar daga gida ta fara. Muna zaune a Kawaji, kuma duk safiyar Litinin maiɗakina sai ta tambaye ni labarin kiɗan jiya. Da farko ina cewa na ji. Ban san ranar da bakina ya zame ya koma na gani ba. Da na ga yadda take ajiye tsintsiya ta zauna, sai na fara ƙara gishiri. Na ba babban mai ƙaho kumatu kamar ƙwarya. Na ba mai ganga sanƙo, na ce yana jefa sanda sama ya cafe bai rasa bugu ɗaya ba. Wata rana da labari ya ƙare mini, na ce mai ganga da mai jita ba sa ga-maciji saboda wata hula. Ita kuma ta kwashe ta kai wa maƙwabta. Har ta kai in na fito da safe, matar mai shagon layinmu takan aiko a tambaye ni ko sun shirya.

Da muka aurar da autarmu gida ya yi shiru, sai ta ce saura alkawari ɗaya: in kai ta ta ga mai sanƙon nan da idonta. Na ce ban taɓa yin wannan alkawari ba. Ta ce to yanzu na yi. Na ce damina ce. Ta ce ai lambu da damina ya fi kyau. Mako uku ina kawo uzuri tana karɓa tana ninkewa, har ranar da Alhaji ya tafi Umara, na rasa inda zan ɓuya.

Ranar Lahadi bayan magariba muka hau adaidaita sahu. Ta ɗaura atamfar bikin, ta sha turare har mai adaidaitar ya yi atishawa. Ni na sa shaddar Sallah. Abu ɗaya nake roƙo a raina, kada matar nan ta gane shekara goma sha bakwai ina ba ta labarin wurin da ban taɓa taka cikinsa ba.

Muna sauka ƙafafuna suka yi hagu, wajen motoci, da kansu. Sai da ta ja mini hannun riga. Maigadin wurin, mutumin Gumel ne kuma abokina, ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, “Malam, yau ciki?” Na ƙifta masa ido har sai da idon ya yi ruwa. Da muka shiga na wuce gaba kamar mai gida, na tura ƙofar farko da na gani. Kicin ne. Wani mai farar hula yana juya kifi ya tsaya yana kallonmu. Na ce mata dama so nake ta fara ganin tsaftar wurin. Ta yaba.

Wani ma'aikaci ya raka mu lambun ya ba mu tebur. Ni kaina sai da na saki baki. An naɗe bishiyoyi da ƙananan fitilu, ga iyalai da 'ya'yansu, ga masu kawo abinci suna ta shawagi. Na sa aka kawo gasasshen kifi da lemo mai sanyi, ina ta gyaɗa kai kamar duk na saba. Sannan na juya na dubi dandamali.

Mutum uku ne a kai. Mawaƙiya, da wani dattijo da kalangu a hammata, da wani ɗan siririn mutum mai tabarau a bayan fiyano.

“Baban yara, ina sauran?” in ji ta.

Na ce ba su gama shiri ba, manyan makaɗa ba sa fitowa da wuri. Ban rufe baki ba mai tabarau ya danna wani abu, sai ga ƙahonina uku sun tashi gaba ɗaya, su ɗin dai da na sani, har da wanda yake ɗan makara. Ya sake dannawa, ganga ta shigo. Jita ta shigo. Duk jama'ata suna fitowa daga ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya, shi kuwa ko gumi ba ya yi, har hamma na ga ya yi.

Maiɗakina ta leƙa bayan dandamali. Ta leƙa bayan bishiya. Na ce wataƙila an ajiye su a ɗaki ne saboda yayyafi. Ta ɗaga kai ta dubi taurari. Daga nan ta yafito ma'aikacin, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi lafiyar mai ganga mai sanƙo, da kuma ko an mayar wa mai jita hularsa. Mutumin ya dube ta, ya dube ni, ya ce shi dai tun da ya fara aiki a wurin su ukun nan ya sani.

Na ajiye cokali. Na gaya mata komai, tun daga benci har zuwa kumatu.

Na zuba wa kifin ido. Sai na ji tebur yana motsi. Dariya ce take ƙoƙarin dannewa da mayafi, ta ƙi dannuwa. Ta ce, “Har da hular?” Na ce har da hular. Ta kifa kai a tebur, hawaye yana zuba, mutanen teburin kusa suka fara dariya ba su san dalili ba, ni ma na kama. Da ta lafa ta share ido, sai ta dube ni wani iri.

“Shekara goma sha bakwai kana waje?”

Na ce ai wajen ma da daɗinsa.

“Tashi ka nuna mini.”

Aka naɗe mana sauran kifin, muka fita ta gaban maigadi, muka yi hagu. Direbobi na ganinmu suka tashi da shewa, wani ya kaɗe benci da hularsa, wani ya shimfiɗa darduma, mai tsire ya aiko da ƙunshi ya ce na amarya ne. Na zaunar da ita a daidai inda nake zama, na ce ta rufe ido.

Kiɗa ya tsallako katanga. Ban san yadda aka yi ba, amma duk makaɗan sun dawo, kowa da wurin tsayuwarsa. Na ga kafaɗunta sun fara motsi, sannan kai, sannan ta ɗaga yatsa ta ce ga mai kumatun nan ya shigo. Wani direba ɗan Zariya ya tashi ya fara taka rawa da makulli a hannu, saura suka bi shi, ni ma na tsinci kaina a tsakiya, shaddar Sallah tana ta fiffika.

Da muka zauna muna haki suka kewaye ni, kowa yana so ya ji yadda cikin yake. Na ce gaskiya zan faɗa yau, mutum uku ne da fiyano. Suka ce ƙarya nake. Ɗan Zariya ya ce an dai ba ni lemo na ruɗe. Suka juya wajenta, suka ce Hajiya ta raba gardama.

Ta gyara mayafi, ta ɗauki tsire guda ta ci a nitse.

“Ku rabu da shi,” in ji ta. “Bai iya ƙirga ba. Goma sha uku ne, akwai wata mai shantu a can baya.”

Washegari da safe ina wanke fuska na jiyo ta a tsakar gida da matar mai shago. Tana ce mata an mayar da hular, amma yanzu mai shantun ce ba ta magana da kowa. Na ɗauko kujera na matsa kusa, don in ji dalili.