Birkin da Ya Koma Hon

Jama'a, ku taya babban injiniyanku murna, yau na kunyata kaina a tsakiyar kasuwar Gashua.

Sati uku ina sake wayoyin tsohon babur ɗin Baba a gida. Bugu ɗaya ya tashi, na hau ina ƙasaita. Ashe na haɗa wayar birki da ta hon.

Sai ga surukina Alhaji Modu yana tsallaka titi da sandarsa. Na taka birki cikin ladabi, hon ya ɓarke! Na ƙara takawa, ya ƙara.

Ya juyo. "Bukar, kai ne? Yi haƙuri, tsufa ne."

Na ce, "Baba, wallahi waya ce."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Gobe ka turo min 'yata, in ji ko ita ma haka kake mata."