Gangar da Na Aika Cikin Waya

Ban taɓa shan wuya irin ta daminar da aka ce za a kai mu Faransa mu yi wasa ba. Mutane gani suke daɗi ne. A tashar Kankiya tare ni ake yi ana cewa, "Na Turai, a dai tuna da mu." Ni kuwa wata biyu ban zauna na ci tuwo da zafinsa ba.

Gangar noma nake kaɗawa. Ita na gada, ita kaɗai na iya. Shekara ashirin da wani abu ina bin bayan manoma a gayya, ina kaɗa wa kowa takensa. Maigidanmu, wani mawaƙi da ke zaune a Katsina, shi ya sa ni cikin mutum shida da za su tafi. Ya ce Turawan sun ji wani kiɗana da aka ɗauka a waya wajen gayya a Tafashiya shekara uku da suka wuce, suka ce lallai a zo da mai gangar nan.

A ranin shekarar ne Yayana ya rasu. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya biyar, da Inna mahaifiyarmu, da gonar gero a Kaikai wadda duk gidan ke ci daga cikinta. Ƙanena yana acaɓa a Kusada, kuma ba ya raba fartanya da cokali. Saboda haka komai ya taso, ni. Katangar Inna ta faɗi da ruwan farko, ni. Maganin hawan jininta ya ƙare, ni. Ga gwaji sau uku a mako a Katsina, ga jeka-ka-dawo kan fasfo. Sai in sauko daga mota da ganga a kafaɗa, in tarar da saƙo yana jirana a ƙofar gida.

Noman farko mun lallaɓa mun yi. Da lokacin maimai ya zo, ciyawa ta kusa kamo geron, na san ba mai fid da mu sai gayya. Na je wajen sarkin noman Kaikai, tsoho ne, abokin mahaifinmu. Ya ce gonar marayu ce, kuma mai ita bai taɓa ƙin gayyar kowa ba, za a fito. Aka sa Laraba. Aka raba goro. Matar Yaya ta surfa geron fura.

Ranar Lahadi maigida ya kira ni. Ya ce an ba mu ranar zuwa Abuja dangwala yatsa saboda biza. Laraba, ƙarfe tara na safe.

Na ce, "Maigida, ranar ina da gayya."

Ya ce, "To, sai ka buga wa Turawan waya ka ce su dakata, kana da ciyawa."

Na koma wajen sarkin noma in nemi a ɗaga. Ya ce sauran ranakun duk na wasu ne har mako biyu, kuma kafin nan ciyawa ta gama da geron. Na nemi wanda zai riƙe mini ganga. Ɗaya makaɗin da muke da shi a yankin ya ce ya tuba, katin waya yake sayarwa yanzu.

Ƙanena ne ya kawo shawarar, amma ni na karɓa, ba zan ɗora masa ba. Ya ce, "Yaya, kiɗan da ya burge Bature shi ne ba zai burge mutanen Kaikai ba? Ka tura mini shi. Akwai lasifikar da muke sawa a majalisa, caji ɗaya takan yini." Na yi dariya, na ce ya rufa mini asiri. Ya ce, "Wallahi ta fi ka ƙara, kuma ita ba ta shan fura."

Na san gangar gayya ba ƙara ba ce kawai. Makaɗi ido gare shi. Ka ga wanda ya fara ja da baya, ka matsa kusa da ƙeyarsa ka kaɗa masa taken kakansa har kunya ta sa ya miƙe. Ka ga rana ta yi zafi, ka sassauta. Duk na sani. Amma na gaji, kuma ina son tafiyar nan. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa wuce Kaduna ba. Na tura masa kiɗan ban ko saurara ba. Tun da aka ɗauke shi sau ɗaya na ji farkonsa.

A Abuja na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi karanta yatsuna na hagu. Matar da ke wurin ta ce sun yi kanta da yawa. Ta ba ni wani mai na shafa, na danna, na sake dannawa, sau biyar kafin na'urar ta yarda. Matar ta tambaye ni sana'ata, na faɗa, ta ce abin sha'awa. Na kira ƙanena da azahar, bai ɗauka ba. Na ce a raina suna cikin aiki.

Ranar Alhamis da la'asar na iso Kaikai. Na bi ta gona kafin in shiga gida. Kashi ɗaya cikin uku aka nome. Daga nan kunyoyin suka tsaya a layi ɗaya, kamar an ja igiya.

Na tarar da sarkin noma a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ce in tashi ba.

Ya ce, "Mutum talatin da wani abu suka fito. Da suka ga akwatin lasifika a kan babur maimakon kai, wasu suka ce a koma. Ni na hana. Na ce don marayu muka zo. Aka kama aiki, ana yi ana yi maka ba'a. Sai wajen hantsi, daidai lokacin da mata suka kawo fura, uwarka na cikinsu, akwatin nan ya sauya kiɗa."

Tun kafin ya ƙarasa na gane. A gayyar Tafashiya Yaya ne ya ja gaba. Na kaɗa masa takensa, na kira sunansa da ƙarfi har sau uku, shi kuma ya ɗaga fartanya ya yi kirari. Duk yana cikin wayar. Muryarsa, a gonarsa, wata biyar da binne shi.

Tsohon ya ce, "Matarsa ta saki ƙwarya. Ƙanenka ya rikice, ya rasa inda ake kashewa, sai da kirarin ya ƙare. Ba wanda ya ce a tashi. Kowa dai ya saɓa fartanyarsa."

Na ce, "Baba, a sake sa mini rana."

Ya ce, "Ba ni da bakin da zan sake kiransu bana."

Inna na zaune a kan tabarma tana tsince wake. Yaya ɗan farinta ne, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ko ranar da aka fita da shi. Na gaishe ta, ta amsa. Ta tambayi hanya. Sai da na yunƙura zan tashi ta ce, "Ashe abin da ka sayar wa Turawan ke nan. Wancan yana ihu a gona."

Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "Ai ba ka saurara ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kafin magariba maigida ya kira. Ya ce gobe Juma'a gwajin ƙarshe, saura kwana tara mu tashi, wanda bai zo ba akwai mai kalangu da ke jiran gurbinsa. Ya ƙara da cewa in kula da hannuna, kada in ɗauki ko tabarya. Na ce na ji.

Na auna aikin da ya rage. Mutum ɗaya, in bai huta ba, kwana goma sha biyu. Ni kuma rabona da riƙe fartanya yini guda tun ina saurayi. Ba wanda ya ce in yi, ba kuma wanda zai gode mini. Su ƙanena ma nan gaba za su ce ni na ƙi arziki da hannuna.

Washegari bayan sallar asuba na ajiye wayar a kan randar Inna. Na shiga ɗakin Yaya na ɗauko fartanyarsa, ƙotar ta yi mini kauri. Na tafi gona, na nemi kunyar da suka tsaya, na sunkuya daga nan.