Mai Masaukin 'Yan Rawa

A ƙofar filin bikin raye-rayen gargajiya nake hango shi, wani dattijo gajere mai tumbi, gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Sai ɗage yake yi yana leƙen motar baƙi, yana gaya wa duk wanda ke kusa cewa bara a gidansa 'yan rawar ƙasar waje suka sauka.

"'Ya'yana ne," in ji shi. "Garin gwajin rawa har gado suka karya min, ban ce uffan ba."

Matarsa na gefe da kular abinci. "Maigida, kada ka kunyata mu. Ƙasa nawa suka zaga? Sun manta da kai."

Yatsunsa sai murza maɓallin riga suke yi. Ina jin gidan nasu ya yi shiru tun da yaransu suka watse.

Ga baƙin suna saukowa, suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Sai ya miƙa wa matarsa gilashin, ya tattare riga, ya daka wani tsalle irin na rawarsu, wanda ko akuya sai ta ji kunyarsa.

Wata doguwa daga cikinsu ta juyo, ta ƙwala ihu: "Baba!" Kafin ka ce kwabo sun ɗaga shi sama.

"Kin gani ko?" yake kiran matarsa daga can. "To, ce musu su sauke ni, bayana ya riƙe!"

"Da wane yare?" in ji ta, tana share hawayen dariya.