Aikin Sakkwato

A shekarun farko na mulkin kai, garinmu Tawa ya cika da sababbin ma'aikata, kuma matar kowanne tana so a shiga ɗakinta a ga rigar matashi mai surfani a kan gado. Ni kuwa na iya surfani tun ina lakwal, wato makarantar boko, wurin wata malama mai kaifin harshe da ke warware ɗinki in ya karkace ko kaɗan. Da damina mijina yakan tafi noma ƙauyen Kalfu ya bar ni zaune hannu sake. Sai na sayar da akuyata, na sayi farin yadi da allura da zare kala-kala, na shimfiɗa tabarma a gindin aduwar gidanmu.

Zabi nake ɗinkawa, kowace da zangarniyar hatsi a baki. Ban kwaikwayi kowa ba. Zabin maƙwabta da ke shigowa su ɓata mini shanya, su nake kallo.

Ba na fita talla, don haka gwaggota, ƙanwar mahaifina, wadda dillanci ne sana'arta, ta ce ta ɗauke mini wannan. Ita ta raka ni ɗakin miji, ita ta yi mini wankan jego, to wa zan yarda da shi in ba ita ba? Kaya suna tafiya, cinikina yana zuwa, ban taɓa ƙorafi ba. Na dai lura takan kulle su a akwati da kanumfari, ba ta fitarwa sai ranar da motar Ƙonni, mai kawo kayan Sakkwato, ta iso gari. Na ɗauka camfin dillalai ne.

Wata rana muka je ganin ɗakin wata amarya, ɗiyar wani akawu. Ina shiga na ga zabina jere a kan gado, mata sun yi cincirindo suna shafawa. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Sai na ji uwar amarya tana cewa, "Aikin Sakkwato na. Ku dubi hannu. Matanmu na nan mi sunka iya in ba daka ba?"

Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce, "Inna, wanga aiki nawa na. Ni niy yi shi cikin gidanmu."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Uwar amarya ta ce a kira dillaliyar da ta sayar mata, tana tsakar gida. Hankalina kwance, don na san wadda za ta shigo. Gwaggo ta shigo tana taunar goro, ta dubi surfanin, ni ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗiyata ta, tana ɗan taɓa ɗinki. Ku yi mata haƙuri, ƙuruciya ta. Wanga kam daga Sakkwato anka kawo min shi."

Ban san yadda na sami takalmana ba. Kunya ta yi mini yawa, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da maganar ta fito.

Washegari ta zo gida kamar ba a yi komai ba, har da tambayar ko na gama wasu. Na ce, "Gwaggo, maƙaryaciya kinka maishe ni gaban mata."

Ta ce, "Ɗiyata, kasuwa ta. In nic ce aikin Tawa na, wa ka saye? Suna kika so ko tuwo?"

Daga ranar na hana ta kayana, na ce mai so ta zo gida. Shiru. Labari ya riga ni zagaya gari, ni ce wadda ta yi wa aikin mutane da'awa a gidan biki. Gwaggo ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta wanke ni ba.

Bayan girbi wata matar likita ta yi sallama, ta kwance ɗankwali ta fito da rigar matashi. Tawa ce, cikin na farkon da na yi, har ƙafar zabuwa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ta ce an gaya mata ina taɓawa, ko zan iya kwaikwaya mata ta biyu?

Na karɓa. Na zauna na yi mata aikin da ya fi na farkon nesa ba kusa ba, don hannuna ya nuna a lokacin. Da ta dawo, ta jera su biyu a cinya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah shi ƙara basira. Amma hannun Sakkwatawa daban na."

Na buɗe baki, sai na tuna shaidata ɗaya ce a duniya, kuma na riga na ji abin da take faɗa. Na ce, "Amin," na naɗe mata su.