Taƙi Biyun da Ewald Ya Yi Shiru a Kansu

Ƙanena Ewald Rothfus mai gyaran takalma ne, kuma shekara talatin da biyar ya yi yana auna kogin garinmu. Ƙarfe bakwai na safe zai saka rigar ruwa, ya gangara matakalar gada, ya duba allon awo da ke kafe a jikin ginshiƙi, ya rubuta lambar da ruwa ya taɓa. Ƙarshen wata ya cike kati ya aika ofishin ruwa na babban birni, su kuma su lissafa yawan ruwan da ya wuce. Ranar da muka binne mahaifiyarmu ma sai da ya gangara, da baƙaƙen kaya a jikinsa. Bai taɓa aure ba. Mutanen Layin Majema, inda gidajenmu suke ƙofa da ƙofa, sukan ce ai kogin ya aura, shi ya sa kullum ƙafarsa a jiƙe.

Lahaninsa ɗaya ne, kuma babba. In mutum ya saka kwat ya ɗaura taye, Ewald sai ya manta yana da baki.

A shekarar 1978 aka rushe tsohuwar gada aka gina sabuwa. Ma'aikatan suka kafa sabon allo, amma suka ɗaga shi sama da inda tsohon yake da santimita arba'in, wato taƙi biyu. Ewald ya gane tun safiyar farko, don dutsen da yake tsayawa a kai bai motsa ba, ruwa bai ragu ba, amma lamba ta faɗi. Na ce ya riƙa ƙara arba'in ɗin kafin ya aika. Ya ce haram. Dokar aikin ita ce ka rubuta abin da idonka ya gani a allo, ba abin da kanka ya ba ka ba. Katin kuwa gidajen lamba ne kawai, babu wurin magana. Sai ya riƙa rubuta "a ƙara arba'in" da fensir a gefen littafinsa na gida, inda daga shi sai kyanwarsa ke gani.

Lokacin ina buga tafireta a ofishin magatakardan gari. Na zaunar da shi, na buga masa wasiƙa zuwa ofishin ruwa, ya sa hannu yana gumi kamar zai amsa laifin kisa. Na ajiye kwafi. Amsa ba ta zo ba. Na ce a sake aikawa, ya ce manyan mutane ne, aiki ya yi musu yawa, sun gani sun gyara. Haka ya yarda shekara ashirin da uku, har lokacin da suka kafa na'ura mai auna kanta, suka aiko masa da takardar godiya, ya yi mata firam.

Bayan shekara uku aka kira taro a zauren gari a kan katangar da za a gina mana ta tare ambaliya. Layinmu ne mafi ƙasa a garin. Duk bazarar da ƙanƙarar tsaunuka ta narke da wuri, mu ne muke kwasar taɓo daga ɗakunan ajiyar dankali. Don haka tsayin katangar nan shi ne tsakaninmu da ruwa a kan gadajenmu.

Wanda ya zo shi ne Dokta Lindhorst, masanin ƙididdiga, mutum mai laushin murya da tsaftataccen takalmi. Ya haska zane a bango: ɗigo-ɗigo, kowanne ruwa mafi girma na shekara guda, da layi da ya ratsa su yana gangarowa. Ya ce labari mai daɗi, ambaliyar koginmu raguwa take yi tun wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ya ce da wannan lissafi suka gano tsayin ruwan da kan zo sau ɗaya a shekara ɗari, kuma a kansa za a tsayar da katanga.

Na zunguri Ewald da gwiwar hannu. Littattafansa na cikin jaka a kan cinyarsa, ni na sa shi ya ɗauko su. Ya ƙanƙame jakar kamar za a ƙwace.

"Tashi mana, sakarai," na ce.

"Yaya, bari ya gama. Dokta ne fa."

"Doktan ya taɓa jiƙa ƙafarsa a kogin nan?"

Bai tashi ba. Ni na tashi. Na ce ruwa bai ragu ba, allo ne ya hau, kuma ga wanda ya san haka zaune yana kallon takalminsa. Wani daga baya ya kama sunana ya ce Irmgard ta fara, a kawo kujerun kwana. Aka yi dariya. Dokta bai yi ba, ya fi su wayo. Ya juya ga Ewald ya tambaye shi cikin ladabi ko lambobin da ya aika shekara da shekaru daidai ne.

"Daidai suke, yallaɓai," in ji ƙanena. "Abin da na gani na rubuta."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ita aka rufe bakina. Dokta ya gode masa, ya ce da kowane gari yana da irinsa da aikinsu ya yi sauƙi. Aka tafa. Ewald ya yi ja har kunne don daɗi. Wata biyu ban kai masa miyar dankalin da na saba kai masa ran Asabar ba.

Aka gina katanga. Ni kuma na yi hoton tsohon kwafin wasiƙar nan na aika ofishin ruwa sau shida, kowane sau da ƙarin zagi. A na shidan wani ya gaji. Masu awon ƙasa suka zo, suka tono ramukan ƙusoshin tsohon allo a guntun dutsen da ya rage a gaɓa, suka ce bambancin santimita talatin da takwas ne. Ewald, da bai iya buɗe baki a kan arba'in ba, kwana uku yana mita a kan biyun da suka rage masa.

Takardar da suka aiko ba ta ce an yi kuskure ba. Ta ce an sabunta lissafi. Ta ce tushen katangar ba zai ɗauki ƙarin gini ba, saboda haka za a ba mu alluna na ƙarfe da za a jera a samanta in ruwa ya taso. Aka kawo allunan, aka ajiye su a rumbun hukuma da ke tsallaken kogi, bayan gadar da ake rufewa da zarar ruwa ya taso. Mabuɗin rumbun suka ba Ewald, don girmamawa. Ya rataye shi a wuya da igiyar takalmi. Na ce masa an ba kare ƙashi. Ya ce ni dai ba a iya mini.

Tun daga nan sau biyu ruwa ya zo. Na biyun ya tsaya yatsa uku ƙasa da bakin katanga, ni na auna da hannuna, jarida kuma ta buga hoton magajin gari yana murmushi a kan katangar.

Ewald ya mutu a watan Maris, ciwon huhu. A coci magajin gari ya hau ya ce wannan bawan Allah ne da muka gina katangarmu a kan lambobinsa. Na ce daga inda nake zaune, ba tare da na ɗaga murya ba, shi ya sa ta gaza tsawo. Fasto ya yi tari. A wurin shan kofi da kek ɗin bayan jana'iza babu wanda ya zauna kusa da ni, na ci yanka biyu.

An aiko a karɓi mabuɗin rumbun, na ce ya ɓata. Ran Litinin na sa maƙwabcina Detlef ya ɗauko motar ɗaukar itacensa, muka yi sawu huɗu. Allunan yanzu suna shagon Ewald, a wannan gaɓar, tsakanin keken ɗinkin fata da tarin takalman da masu su ba su dawo karɓa ba. Ofishin magajin gari sun rubuto cewa kayan hukuma ne, in mayar cikin mako biyu. Na juya takardar, na rubuta musu da fensirin Ewald cewa su zo su ɗauka da kansu ranar da aka rufe gada.