Baba Tafinta, Mai Fassara wa Iyaye Mata Hukunci

Kafin masu shara su gama da zauren kotu, Baba Tafinta ya riga ya zauna a bencin baranda, tsohon ƙamusunsa da bango ya rabu da shi a kan cinya. Turancin kotu ba irin na kanti ba ne. Akwai kalmomin da masu harshen ma sun daina furtawa tun zamanin kakanninsu, amma alƙalai suka riƙe su gam. Su yake bi kullum da yatsa, yana neman yadda zai faɗa wa wanda bai taɓa shiga aji ba.

Aikin da aka ɗauke shi yana ƙarewa ne da tashin alƙali. Shi kuwa a lokacin yake fita baranda wurin iyaye da matan waɗanda aka yanke wa hukunci, masu kallon bakin kowa ba su san me ya faru ba.

Masinjan kotun ya ba ni labarin wata dattijuwa da ta zo da abinci a kwano, tana zaton ɗanta zai ƙara kwana kusa kafin a tafi da shi kurkuku mai nisa. Alƙali ya rufe da "forthwith". Baba ya fita baranda wurin dattijuwar. Ya durƙusa gabanta.

"Inna, abin da ya faɗa, ma'anarsa yanzu-yanzu. Ajiye kwanon nan, ki je ki riƙe hannunsa kafin mota ta iso."

"Kai dai bakinka bai iya alheri ba," in ji ta.

Amma ta tashi, ta kuma sami ɗan nata kafin a tafi da shi. Ta rasu ba ta kai ranar fitowarsa ba.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Baba ya yi ritaya, kuma har yau wasu in sun hango shi a kasuwa sai su sauya hanya, don fuskarsa na tuna musu ranar da suka fi baƙin ciki. Ya sani, yana kuma jin zafin abin.

Baba, kai ne ka ɗauki tsanar da ba taka ba don kada uwa ta koma gida cikin duhu. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma matasan tafintoci, in alƙali ya tashi kada ku bi ta ƙofar baya. Akwai mai jira a baranda da kwano a hannu.